Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Ni Da Fitilar Motata

Da farko ina neman afuwar waɗanda suka yi ta jiran ci gaban labarinmu suka ji ni shiru, har wata baiwar Allah ta aiko tana tambaya ko dai na kashe jarumar ne na rasa yadda zan faɗa muku. To jaruma dai tana nan da ranta. Ni ne na kusa yin kisan kai na gaske a kan titi, kuma abin da na kusa yin kisan da shi ƙwan fitilar mota ne. Shi ya sa na ce yau bari in ajiye ƙagaggen labari gefe guda in ba ku wanda ya faru da ni, wataƙila wani ya samu a kyauta abin da ni na saya da tsada.

Ni mazaunin Ikara ne, a nan nake da ɗan shagona na sayar da littattafai da kayan makaranta, a nan kuma nake rubuce-rubucena idan kasuwa ta yi sanyi. Mahaifiyata kuwa tana ƙauyenmu a ƙasar Kudan, ba nisa da Hunkuyi, ta ce ita ba abin da zai raba ta da ɗakin da mahaifinmu ya bar ta a ciki. Saboda haka kusan duk mako sai na yi wannan hanya, in tashi daga Ikara in bi ta Makarfi, in tsallaka babban titin Zariya zuwa Kano, sannan in gangara gida. Da yake sai na rufe shago nake tashi, sau da yawa magariba kan riske ni a hanya, dawowa kuwa a cikin dare ne ba makawa.

Motar tawa Golf 3 ce ƙirar 1995, 'yar Kwatano, ta girmi babbar 'yata nesa ba kusa ba. Ban raina ta ba, domin ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Abu ɗaya ne ya dame ni da ita, wato fitilarta. Haskenta ja-ja ne kamar na aci-balbal, in na kunna da daddare sai in ga kamar titin ne yake haɗiye shi. Ga shi kuma ni mutum ne da ya shafe shekara ashirin yana rubuta yadda saurayi ke shigowa layin su budurwa da wata dalleliyar mota, fitilunta sun haske unguwa kamar rana ta fito. Na rubuta wannan ya fi a ƙirga, har ya zauna mini a rai cewa mutuncin mota yana ga farin fitilarta. Kun san an ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ranar wata Asabar cikin watan Nuwamban 2024 na kai motar wurin wani yaro mai wayarin a nan garinmu don ya duba mini hon. Yana gamawa sai ya leƙa fitilar ya yi dariya, ya ce, "Oga, har yanzu wannan ƙwan na zamanin da kake fama da shi? Ai yanzu an wuce nan." Ya shiga cikin shago ya ɗauko wani kwali mai ƙyalli, an zana mota a jiki tana keta duhu, ga lambobi manya-manya. Ya ce wannan shi ake kira LED, ba ya cin batir, ba ya ƙonewa, kuma ya nuna mini inda aka rubuta 6500K ya ce, "Ka ga wannan K ɗin? Shi ne ƙarfin hasken. Naka na da bai wuce dubu uku ba, ka ga wannan ya ninka shi ke nan." Ni kuwa da iyakacina sakandare, kuma ko a can ɗin ba ni da shiri da darasin kimiyya, sai na gyaɗa kai kamar na gane. Na ƙirga Naira 18,000 na ba shi, kuɗin da na ware don sayen takardun buga sabon littafi.

Wajen ɗaurawa sai ƙwan ya ƙi zama, domin a bayansa akwai wata 'yar fanka da ke sanyaya shi, ga kuma wani ɗan akwati da ke rataye da waya. Yaron bai yi wata-wata ba ya cire robar da ke rufe bayan fitilar ya jefa mini a but, ya ce ba ta da wani amfani. Da magariba ta yi na kunna a ƙofar gida, kai jama'a! Bangon maƙwabcina ya yi fari fat, yara suka taru suna ihu. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, wannan fitila ce ko walda?" Na ce mata ita dai ba ta san ci gaba ba.

Daɗin bai kai kwana goma ba. Abu na farko da na lura da shi, duk motar da muka yi gaba da gaba da ita sai direban ya dallara mini ful, yana nufin in rage tawa, alhali ni a dim nake. Masu babur kuwa har da masu ɗaga mini hannu da yatsu biyar. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai abin ya riƙa yi mini daɗi, in wani ya dallara mini sai ni ma in ɗaga masa ful ɗina don ya san wanda ya gani ɗin somin taɓi ne. Allah Ya yafe mana.

Abu na biyu shi ne ƙiftawa. Da fari sai na faɗa rami fitilun su ƙifta sau ɗaya su dawo. Daga baya ya zama in na danna hon su ƙifta, in na taka birki su ƙifta, in mota tana tsaye injin na aiki sai su riƙa rawa kamar wutar janareto da mai ya kusa ƙare masa. Ta gefen hagu kuma ta ƙaro nata salon, in an yi tafiyar kamar rabin awa sai ta shiga ƙifce-ƙifce ba ƙaƙƙautawa, ko da kuwa titin sumul yake. Na koma wurin yaron, ya ce batir ne. Na kai batir aka yi masa caji, ba abin da ya sauya. Wata rana na tsaya a Makarfi, lokacin kasuwar rake ta buɗe sosai, manyan motoci sun yi layi ana loda musu, na nuna wa wani mai wayarin ɗin. Shi kuma ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, wannan ai matsalar kambos ce, dikoda za a sa." Ya ɗaura mini wasu 'yan akwatuna biyu baƙaƙe, ya karɓi Naira 6,000. Ban bar garin Makarfi ba fitila ta ci gaba da ƙiftawarta. Na ce a raina bari dai in lallaɓa zuwa ƙarshen wata, tunda tana haskawa.

Ba a kai ƙarshen watan ba. Wani dare cikin watan Disamba, bayan sallar isha'i, ƙanena ya bugo waya daga ƙauye ya ce jikin Inna ya tashi, hawan jinin nan nata ne, tana ta kiran kanta na juyawa, maganarta ma ba ta fita sosai. Ko hula ban tsaya ɗauka ba na faɗa mota. A ranar kuwa hunturu ya sauko da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari tun la'asar, wanda ya san ƙasarmu a wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Ina fita daga Ikara na gane na shiga uku. Farin hasken nan da nake taƙama da shi, da ya bugi ƙura sai ya dawo mini cikin ido, ya zama kamar an rataya farin zane a gaban gilashi. Ba na ganin komai sai farin bango, shi ma bangon yana ɗaukewa yana dawowa. A wani wuri sai da na kusa shiga bayan amalanken shanu da aka yi wa lodin rake, ba fitila ba kyalle, Allah ne kawai Ya sa na taka birki a kan lokaci.

Saura kaɗan in shiga Makarfi sai ga wata 'yar fitila guda ɗaya tana tahowa, alamar babur. Ya ƙifta mini tasa sau biyu yana roƙon in rage. Ni kuwa hankalina yana wurin Inna, ga haushin rashin gani, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na ɗaga masa ful. Daidai nan kuma motar ta faɗa wani rami, fitilun suka ɗauke suka dawo a fuskarsa kamar walƙiya. Ina kallo fitilar babur ɗin ta karkace ta bar titi, sai ƙara, sai salatin mace.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da Shaiɗan ya raya mini in wuce. Dare ne, ba wanda ya gan ni, ga uwata can rai a hannun Allah, ga kuma zamanin da muke ciki da tsayawa a daji da daddare ya zama abin tsoro. Na yi tafiyar da ta kai tsawon filin ƙwallo kafin ƙafata ta yarda ta taka birki. Da na dawo da baya na tarar da magidanci ne da matarsa da goyo a bayanta, sun gangara cikin wani kwazazzabo a gefen gonar rake. Jaririn Allah Ya tsare shi, ko ƙwarzane babu, sai tsala kuka yake. Matar ce ta tare da hannu, hannun ya kumbura daga wuyansa, gwiwarta kuma tana jini. Na zaci mutumin zai shaƙe ni. Sai ya dube ni kawai, yana karkaɗe ƙura daga rigarsa, ya ce, "Malam, me na yi maka? Na roƙe ka har sau biyu. Wallahi tun daga nesa ka kashe mini ido, ban san inda titi yake ba." Na rubuta maganganu masu zafi da yawa a bakin jarumaina, amma ban taɓa rubuta wadda ta kai wannan ba, kuma a hankali ya faɗe ta.

Na ɗauki matar da jaririn zuwa cikin Makarfi, shi ya biyo mu a hankali da babur ɗin da madubinsa ya karye. Aka wanke ciwon, aka ɗaure hannun, aka ce da safe a je a ɗauki hoto. Na biya abin da aka nema, na ba shi abin da ya rage a aljihuna da lambar wayata. Duk wannan abin wayata tana ta ruri, ƙanena ne. Ban isa ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare, na tarar tuni wani maƙwabci ya kai Inna asibiti a Hunkuyi, an yi mata allura, ta samu barci. Na zauna a kan benci a waje har asuba, sanyi na ratsa ni, ina lissafin abin da zan ce wa Ubangijina da a ce jaririn nan ne ya bugi ƙasa.

Da gari ya waye Inna ta farka da sauƙi, har ta sha kunu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai ta dubi gefe ta ce, "Shi wannan me ya tsare shi jiya?" Na ba ta labari ban rage komai ba. Ta yi shiru, can ta ce, "To kada a sake hawa motar nan da dare sai an gyara ta. In kuwa don ni ake gudun, na yafe zuwan." Wani dattijo da ke jinyar ɗansa a gado na kusa ya ji mu, shi ne ya yi mini kwatancen wani tsohon mai wayarin a nan cikin Hunkuyi, ya ce in je, da tsohuwar zuma ake magani.

Na same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, tsoho ne mai furfura, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya ce mini a Kaduna ya koyi aiki, zamanin da kamfanin Fijo da aka buɗe a 1975 yake fitar da 504 sababbi dal. Na fara zuba masa bayanin kambos da dikoda, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ɗana, bar ni in tambayi motar da kanta, ita ba ta ƙarya."

Yadda ya yi aikin nan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Bai sayar mini da komai ba sai da ya gano ciwon. Da farko ya cire dikodan nan biyu ya ajiye gefe. Ya ce su maganin wata cuta ce ta daban, ta motocin zamani waɗanda kwamfutarsu ke aika wuta guntu-guntu tana duba ko ƙwai ya ƙone. Da yake LED ba ya jan wuta da yawa, sai kwamfutar ta zaci ƙwan ya mutu, ta riƙa yanke wutar tana maidowa, ko ta kunna alama a gaban direba. A irin waɗannan motoci dikoda tana aiki. Tawa kuwa ba wata kwamfuta a layin fitilarta, daga makunni sai fis sai ƙwai, ka ga an ba mai ciwon ciki maganin ciwon kai ke nan.

Daga nan sai ya musanya ƙwayayen, na hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu, ya tayar da mota ya bar su a kunne, muka zauna muna shan rake. Bayan wani lokaci sai ga ƙifce-ƙifcen nan mara tsayawa ya koma gefen dama. Ya ce, "Ka gani? Ciwo ya bi ƙwai, to wannan laifin ƙwan ne. Da ya tsaya a hagu, da sai mu ce waya ce." Ya zaro ƙwan ya nuna mini 'yar fankar da ke bayansa, ƙura ta toshe ta, da ƙyar take juyawa. Ashe shi LED gabansa ba zafi, amma gindinsa yana ɗaukar zafi sosai, in fanka ta gaza sai ɗan akwatin nan ya riƙa yanke wuta don kada ya ƙone. Robar da yaron ya cire ya jefa a but kuwa, ita ce mai hana ƙura shiga cikin fitilar. Wata guda na hunturu ya isa ya mayar da madubin ciki kamar an shafa masa toka.

Saura ɗaya ƙiftawar, wadda ke kama fitilun duka biyu in an faɗa rami ko an danna hon. Nan Baba ya ɗauko wani tsohon ƙwan halojin ya sa, ya ce shi ne mai jan wuta da yawa, shi zai tona asirin waya. Ya ɗora mita a kan batir injin na aiki, ta nuna bolt 14.1. Ya ce altaneta lafiyarta lau, domin mai lafiya takan ba da tsakanin 13.8 zuwa 14.4, batir mai lafiya kuma in mota a kashe take yakan nuna wajen 12.6. Sai ya kai mitar bakin soket ɗin fitila, ta nuna 11.4. Kusan bolt uku sun ɓace a hanya. Ya bi wayar at, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, har inda aka ɗaure ta da noti. Notin ya yi tsatsa, ya kwance, wayar kuma ta yi kore, saura 'yan silla kaɗan ke riƙe da ita. Da ya taɓa ta da yatsa sai lambobin mita suka shiga tsalle. Soket ɗin ma duka biyu sun narke ta ciki, bakinsu ya saki, ya ce alama ce wani can baya ya taɓa sa ƙwai mai wat 100 a inda aka yi don mai 60/55.

Ya ce, "Ɗana, wannan ciwo ya fi shekara biyar a motarka. Shi ya sa tsohuwar fitilarka ta zama aci-balbal. Ƙwan ba shi da laifi, yunwa ce take damunsa." Ashe ƙwan halojin in wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kan ragu da kusan kashi 30. Kuma da yake shi siririyar waya ce ke yin ja ta ba da haske, in wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido ba ya saurin hucewa, sai ya rufa wa wayar asiri. LED kuwa ba shi da kara, wuta na motsawa zai nuna. Wato ni na bar ciwo a jiki na je na sayi sabuwar riga.

Na tambaye shi dalilin da ya sa mutane ke cewa ina kashe musu ido alhali ina dim. Ya ɗauko ƙwan halojin ɗin, irin wanda ake kira H4, ya nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar cokali a ƙarƙashin zaren dim. Ya ce wannan shi ke tare hasken da zai tashi sama, kuma madubin cikin fitila an ƙera shi ne daidai da wurin da zaren nan yake, ko kaɗan aka gusa haske zai watse. Nawa LED ɗin idanunsa sun fi zaren faɗi, ba su zauna a gurbin ba, sannan yaron ya ɗaura ɗaya a karkace, maimakon idanun su kalli dama da hagu sai suka kalli sama da ƙasa. Rabin hasken da na saya yana tafiya saman bishiyoyi da idanun bayin Allah, titi kuwa bai samu rabonsa ba.

Sai maganar launi. Baba ya ce shi dai bai san K ba, amma ya san a zamaninsu motocin da ke shigowa daga Nijar da yawa fitilarsu ruwan ɗorawa ce, kuma direbobi na yabonta a cikin hazo. Da na dawo gida na bincika, na tarar da gaskiyarsa. Ƙasar Faransa ta wajabta wa motocinta fitila ruwan ɗorawa tun daga 1937, ba ta janye dokar ba sai 1993. Na kuma gano cewa K ɗin nan, wato Kelbin, launin haske yake aunawa, ba ruwansa da ƙarfi. 3000K ruwan ɗorawa ne. Halojin na yau da kullum yana wajen 3200K. 4300K fari ne mai ɗan ɗumi, shi ne launin da kamfanonin mota suka fi sa wa fitilar zenon, wadda ta fara fitowa a motar BMW a 1991. 6000K zuwa 6500K fari ne mai ratsin shuɗi, irin nawa. Daga 8000K kuwa an shiga shuɗi sosai, kuma a fitilar zenon duk sanda lambar ta haura haka hasken da ke sauka a titi raguwa yake yi. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi, dim ɗin H4 yana ba da wajen 1,000, zenon na asali mai wat 35 wajen 3,200. Manyan lambobin da ke jikin kwalayen kasuwa kuwa, takarda ba ta ƙin tawada, mu marubuta mun fi kowa sani.

Masana sun ce ita ƙura da hazo duk launin da ka jefa musu sukan dawo da shi kusan daidai. Bambancin yana cikin idon ɗan'adam, haske mai ratsin shuɗi ya fi damunsa, ya fi gajiyar da shi, ya fi kuma kashe idon wanda ke tahowa, musamman dattawa. Saboda haka wanda yawonsa a cikin gari ne inda akwai fitilun titi, fari ba zai dame shi sosai ba. Amma irina mai bin hanyar Ikara da Makarfi da Kudan, inda rabin shekara ƙura ce rabi ruwan sama, ga shanu, ga amalanke, ga masu keke ba fitila, launi mai ɗumi ya fi masa.

Baba ya kankare wurin at ɗin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya sa sabuwar waya mai kauri da sabon noti, ya shafa giris. Ya canza soket biyun. Ya ja waya kai tsaye daga batir ta bi ta fis da rile guda biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, yadda makunnin cikin mota ba zai ƙara ɗaukar nauyin wutar ba. Ya wanke cikin fitilun a hankali, ya mayar da robobin da aka yar. Sannan ya ce in zaɓa, ko in nemo LED mai kyau wanda idanunsa suka dace da gurbin zare, mai launin 4300K, ko in koma halojin 60/55. Na ce a sa halojin. Ya kama ƙwan da tsumma, ya ce ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na sa shi saurin ƙonewa. Da ya sake aunawa, wutar da ke isa soket ta kai 13.8.

Ya ce in dawo bayan magariba. Ya tsayar da motar a wuri mai daidai, taku goma manya daga wani bango, wato kamar mita 10. Ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ya ja layi da gawayi a bangon, ya sake jan wani layin santimita 10 a ƙasansa, ya riƙa murɗa notin saiti har saman hasken dim ya kwanta a kan layin ƙasa, gefen dama ya ɗan ɗaga sama don a ga masu tafiya a bakin titi. Ya ce duk fitilar da dim ɗinta ya haura layin sama, a idon mutane take sauka. Duka aikin da kayan bai kai abin da na kashe a kan LED da dikoda ba.

Da na kama hanyar Ikara a daren, hazo na nan yadda yake, amma ina ganin titi, ina ganin ramuka tun kafin in isa gare su, kuma tun daga Hunkuyi har gida ba wanda ya dallara mini fitila. Bayan kwana biyu na je ƙauyen mutumin nan na duba matarsa. Hoto ya nuna tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu, an ɗaure, ta yi wajen wata biyu ba ta iya daka ba. Na ɗauki nauyin maganin da gyaran babur, sun ce sun yafe, har suka haɗo ni da mazarƙwaila. Amma har yau in na tuna kukan jaririn nan sai gabana ya faɗi.

Don haka ɗan'uwa mai mota, in fitilarka ta dushe, kafin ka sayi sabon ƙwai ka sa a auna wutar da ke isa gare ta, a duba at da soket. In tana ƙiftawa, a musanya hagu da dama a ga ko ciwon zai bi ƙwai, a auna altaneta, kada a sayar maka da dikoda sai an tabbatar motarka mai kwamfuta ce. Kada ka yarda a yar da robar bayan fitila. In an gama a kai ta gaban bango a saita. In kuma ka ga mutum biyu uku sun dallara maka alhali kana dim, to ba haukacewa suka yi ba, ka tsaya ka duba.

Ƙwayayen LED ɗin suna nan a cikin kwalinsu a kan kantar shagona. Wani ya taya su Naira 10,000 na hana, don ban san idon wa za su je su kashe ba. Inna ta warware, tana gaishe ku. Wanda kuma ya ga saurayin labarinmu ya iso ƙofar gidan su budurwa a babi na gaba ya rage fitila tun daga bakin layi, to ya san dalili. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa mu sauka lafiya. Sai mun haɗu a ci gaban labari.